Yadda Aka Koyi Auna Jirkicewar Hoto a Talabijin na Waya

Tun kafin talabijin ya iso ƙasar Hausa, mutanen Kano sun san shirye-shiryen da ke zuwa ta waya. A shekarar 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba rediyo a birnin, bayan ta Legas a 1935 da ta Ibadan a 1939, inda ake jan waya daga tasha zuwa akwatin magana a gidan wanda ya biya. Duk wanda ya ja irin wannan waya yakan gamu da matsala guda: gwargwadon nisan tafiyar sigina, gwargwadon raunin da take yi. Da aka ɗora hoto a kan waya sai matsalar ta tsananta, domin ido ya fi kunne saurin gano aibi.

A Amurka aka fara wannan a 1948, a garuruwan da duwatsu suka tare wa sigina hanya, irin su Mahanoy City a jihar Pennsylvania da Astoria a jihar Oregon. Akan kafa eriya a kan tudu, a jawo waya zuwa gari, a riƙa sanya na'urar ƙara ƙarfi bayan kowane 'yan ɗaruruwan mita. A manyan garuruwa akan jera talatin ko fiye kafin a kai gidan ƙarshe.

Kowace na'ura kuwa tana da illa biyu. Idan sigina ta yi rauni, hoto yakan cika da ɗige-ɗige kamar yayyafi. Idan aka ƙara mata ƙarfi fiye da kima, tashoshi sukan cakuɗe a cikin na'urar, su haifar da layuka da inuwar wata tasha a kan wata. Lissafin ma ba ya sassauci: ƙarin desibel 1 yakan rage yayyafi da desibel 1, amma ya ƙara cakuɗewar da ke tsakanin tashoshi uku-uku da desibel 2. In kuma aka ninka yawan na'urorin, yayyafi ya ƙaru da desibel 3, cakuɗewar da 6. Ke nan akwai nisan da waya ba za ta iya wucewa ba, gaba damisa baya siyaki.

Da farko ido ne alƙali. Ma'aikaci ya dubi allo ya ce hoto ya yi, mai gida ya ce bai yi ba, babu mai raba gardama. A farkon shekarun 1950 kamfanin Jerrold, wanda Milton Shapp ya kafa, ya fito da ma'auni mai lamba 704, ƙirar injiniya Ken Simons, wanda ma'aikaci zai ɗauka har gindin turken waya ya karanta ƙarfin sigina da lamba. Daga baya, da tashoshi suka haura 12 suka kai gommai, sai aka koma ga na'urar da ke zana dukkan zangunan sigina a allo. Dabarar mai sauƙi ce: a kashe tasha ɗaya, a dubi gurbinta. Duk abin da ya rage a wurin datti ne da sauran tashoshi suka zubar, sai a auna shi a kwatanta da ƙarfin tashar.

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta kafa ƙa'idojin fasaha a 1972, ta sabunta su a 1992. Sabbin ƙa'idojin sun bukaci sigina ta fi yayyafi da desibel 43, ta fi cakuɗewa da desibel 51. Daga nan korafin mai biyan kuɗi ya sami madogara a doka.

Wayar gilashi mai ɗaukar haske, wadda ta bazu tun ƙarshen shekarun 1980, ta rage jerin na'urorin zuwa 'yan kaɗan, sannan tsarin dijital ya sauya abin da ake aunawa zuwa yawan kurakuran da ke cikin bayanai. A Nijeriya, Doka ta 38 ta 1992 ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar watsa shirye-shirye, kuma akasarin gidajen Arewa ta eriya da faranti suke kallo. Duk da haka, ma'aikacin da ke kan rufi a Kano ko Maraɗi yana juya faranti, idonsa na kan lambobi biyu, na ƙarfi da na inganci, bambancin da masu aikin waya suka sha wahala kafin su gano.