Injin feshi na goyo: inda haɗarin yake da yadda ake kauce masa

A fadamun Ngaski da Shanga da Yawuri, inda ake noman shinkafa da albasa a gaɓar Kogin Kwara da Tafkin Kainji, injin feshi na goyo ya zama kayan aiki na yau da kullum, musamman tun bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a shekarar 2015.

Injin dai tanki ne mai cin lita 15 zuwa 20, da hannun famfo, da tiyo, da sanda mai ɗan ƙaramin baki wanda ke watsa magani.

Akasarin mutane na zaton cewa shaƙar maganin ne babban haɗari. Sai dai ga mai feshi, ta fata ne gubar ta fi shiga jiki.

Lokacin haɗa magani

Sa'ar da ake tsiyayo magani daga kwalba ita ce mafi hatsari, domin a lokacin ba a riga an surka shi da ruwa ba. Ana buƙatar safar hannu ta roba da ma'auni na musamman. Ba a motsa shi da hannu, ba a kuma auna shi da cokalin gida.

Launin da ke ƙasan takardar kwalba na nuna ƙarfin gubar: ja shi ne mafi muni, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore.

Sai kuma yoyo. Idan murfi bai rufu ba, ko robarsa ta cinye, maganin kan jiƙa rigar mai feshi, ya wuni manne da bayansa cikin zufa. Hanyar gane hakan ba ta cin ko kwabo: a cika tanki da ruwa zalla a gwada kafin a zuba magani.

Idan bakin sanda ya toshe, wasu kan sa baki su hura. Wannan ɗabi'a ce mai iya kisa, musamman da maganin ciyawa na paraquat, wanda ba shi da makari. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Ruwa da ɗan buroshi mai laushi sun isa buɗe toshiyar.

Gaskiya ne cewa doguwar riga da takalmin roba da takunkumi na da wuyar ɗauka a zafin watan Afrilu. Shi ya sa ake son feshin sassafe ko na yamma, iska kuma na bayan mai feshi. Babu cin goro, ko shan ruwa, ko alwala sai an wanke hannu da sabulu.

Ruwan tafki

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, dubban iyalai ke rayuwa da kifin tafkin. An daɗe ana kokawa kan masu zuba Gamalin a ruwa domin kama kifi, kuma a 2009 an sanya sinadarinsa, wato lindane, cikin jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana.

Wanke injin feshi a bakin ruwa na kai guba ga kifin nan, ko da ba da gangan ba. Kamata ya yi a ɗebi ruwa a yi nisa da gaɓa da rijiya. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayin cikin tanki, sannan a huda ta don kada ta koma gida a matsayin mazubin mai ko ruwan sha.

Idan guba ta kama mutum

Ciwon kai, da jiri, da amai, da yawan zufa, da dalalar miyau, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, alamu ne na gubar magungunan ƙwari irin su dichlorvos, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019.

A cire wa mutum tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ba shi madara ko manja, kada kuma a tilasta masa yin amai.

A hanzarta kai shi asibiti tare da kwalbar, domin sunan da ke jikinta ne zai nuna wa likita irin maganin da zai bayar.