Da wane mudu muke auna amfanin kamfani?

Duk azumi sai mu ga hotuna: wannan kamfani ya raba shinkafa, wancan ya haƙa rijiyar burtsatse, ana ta sambarka. Yanzu kuma ga sababbi masu cewa ba riba kaɗai ta kawo su ba, al'umma suka zo yi wa aiki. Madalla. Amma jama'a, da wane mudu za mu auna? Ai tarihin Kano ya riga ya koya mana.

Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, tun zamanin Turawa, lokacin dalar gyaɗa. Daga baya aka buɗe Sharada da Challawa. Dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni ta Gowon a 1972, da ta Obasanjo a 1977, suka buɗe wa attajiranmu ƙofar sayen hannun jari. Masaƙu, majemu, kamfanonin alewa da na roba, ko'ina inji na kuka. A lokacin mudu ɗaya muka sani: mutum nawa ka ɗauka aiki?

Sai ga SAP ɗin Babangida a 1986. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, ga rashin wuta, daga baya atamfar China ta cika Kantin Kwari. Sai da aka garƙame ƙofofi muka gane waɗanda ba mu taɓa ƙirgawa ba: mai tuwo a bakin get, mai facin keke, mai gidan haya, manomin auduga a Funtuwa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Dagwalon majemu, mai sinadarin kuromiyam, daga Sharada da Challawa kogin Challawa yake gangarawa. Na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara, masu lambu su yi ban ruwa da shi, mu kuma mu sayi latas mu ci. Dokar tantance illa ga muhalli ba ta zo ba sai 1992, hukumar NESREA kuma 2007. Wa ya rubuta wannan asarar a littafin riba?

Don haka duk wanda ya ce don al'umma ya zo, a tambaye shi abu uku. Ma'aikatanka nawa ne suka shekara biyar suna karɓar albashi a kan lokaci? Nawa kake saya daga manoma da 'yan kasuwar nan gida? Ruwan da ke fita ta bayan katangarka, za ka yarda ɗanka ya wanke hannu da shi?

Buhun shinkafa sati biyu ne ya ƙare. Kogi kuwa har jikokinmu za su sha. Allah Ya kyauta.