Tarihin Samariya Da Aikin Gayya

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, ya aiko da takarda yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin Samariya. Kuma me ya sa samarin da ke yi wa gari aiki kyauta, amma na yanzu sai an biya su?"

To malam, mun gode da takardarka. Ita dai Samariya ba gwamnati ce ta ƙago ta ba, tushenta shi ne aikin gayya. Tun kafin zuwan Turawa, garuruwan ƙasar Hausa suna da Sarkin Samari. In ciyawa ta ci ƙarfin gonar wani dattijo, ko rijiyar gari ta rufta, shi ake gaya wa, shi kuma ya tara yaransa. Mai gona ba ya biyan kuɗin ƙwadago, nasa fura ne da tuwo da goro.

To, me samarin ke samu? Suna. Makaɗan noma na biye da su da ganga, wanda ya riga kowa fitar da kunya a yi masa kirari, 'yan mata su rangaɗa guɗa. Kafin magariba gari ya san gwarzon ranar, kuma irin wannan ba ya shan wahalar neman aure. Haka manomin da ya tara dami dubu, akan yi masa biki, a naɗa shi Sarkin Noma.

A ranar 15 ga Afrilu, 1974, soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, ƙasa na fama da fari da yunwa, Seyni Kountche ya hau mulki. Shi ne ya ɗauko wannan tsohuwar al'ada ya ba ta tsari, daga unguwa zuwa gari har zuwa ƙasa baki ɗaya. 'Yan Samariya suka gina azuzuwan makaranta, suka haƙa rijiyoyi, suka share kasuwanni, suka shuka itatuwa. Aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa, jihohi suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Gwamnati ta mai da Samariya hanyar isar da umarninta da tara mutane tarbar manya. Abin da aka saba yi don ra'ayi ya soma kama da tilas. Kountche ya rasu a Nuwamba 1987, da aka koma siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991 kuwa, sai ƙarfin Samariya ya ragu ƙwarai.

A Nijeriya, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa, inda masu digiri ke aikin shekara ɗaya, akan kuma ba waɗanda suka yi fice lambar yabo ta shugaban ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a 1985, ta ware 5 ga Disamba a matsayin ranar 'yan aikin sa kai.

Saboda haka malam, kada a ɗora wa samari laifin duka. Noma ya koma na kuɗi, da yawansu kuma sun tafi cin rani birni. Sannan mu tambayi kanmu, yaran da suka cike kwazazzabon hanyar kasuwa bara, wa ya ambaci sunansu? In sun yi aiki, mai gari ya kira su ɗaya bayan ɗaya ranar kasuwa, liman ya sa musu albarka, 'yan kasuwa su tanadi abinci da kayan aiki. Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa. Wanda aka yaba bana, shi zai jawo ƙanensa baɗi.

Da fatan ka gamsu. A gai da mutanen Maradi.