Ruwa Ko'ina, Tulu Babu Komai: Tarihin Tattalin Ruwa a Treichville da Adjamé

Tashar jiragen ruwa ta Treichville tana bakin tafkin Ebrié, kuma daga nan jiragen kamfanin SOTRA ke tsallakar da ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Plateau da Abobo-Doumé. Fasinja duk inda ya duba ruwa yake gani, amma babu kurɓi ɗaya da zai iya sha. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, ruwan teku ya riƙa kutsowa cikin tafkin ya sa masa gishiri, daga baya kuma ƙazantar birni ta ƙara ɓata shi. Abidjan na samun ruwan sama da ya ninka na Maraɗi sau uku ko fiye, duk da haka a gidajen haya na Treichville da Adjamé aka daɗe ana auna ruwa da bokiti. Dalilin hakan yana cikin tarihin yadda birnin ya cika da jama'a.

Abidjan ta zama hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Kwaddibuwa a 1934, bayan Grand-Bassam da Bingerville. Turawa suka zauna a tudun Plateau, suka bar wa baƙar fata unguwanni biyu: Adjamé a arewa, da Treichville a kudu, kan tsibirin Petit-Bassam. Layin dogo ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya isa Wagadugu a 1954, tashar manyan jiragen ruwa kuma ta soma aiki a 1951. Waɗannan su suka jawo Mosawa da Juloli da Zabarmawa da Hausawa neman na kai. Fari na farkon shekarun 1970 da na 1984 ya ƙara koro mutanen Sahel kudu. Ƙidayar 1975 ta sami mutum kusan miliyan ɗaya a birnin, ta 1988 kusan miliyan biyu, ta 2021 kuwa fiye da miliyan biyar da rabi.

Mafi yawan ruwan shan wannan jama'a daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, kuma kamfanin SODECI ne ke raba shi tun daga lokacin samun 'yancin kai a 1960. Sai dai famfo ya isa unguwa daban, ya isa ɗakin mutum daban. Yawancin baƙin sun sauka ne a gidajen haya masu ɗakuna jere kewaye da tsakar gida ɗaya, da banɗaki ɗaya, da famfo ɗaya idan an yi sa'a. A nan ne tsarin farashi ya yi tasiri. An tsara kuɗin ruwa hawa-hawa: wanda ya sha kaɗan ya biya da rahusa, wanda ya sha da yawa farashinsa ya hau. An yi haka don a sauƙaƙa wa talaka, amma mita ba ta ƙirga kawuna. Gida mai iyali goma da mita ɗaya sai ya faɗa matakin tsada tamkar gidan attajiri mai lambu. Saboda haka masu gida suka riƙa kulle famfo, suna buɗewa lokaci-lokaci, ko su sayar da ruwan bokiti-bokiti. Wanda bai da famfo kuwa ya saya wajen masu sari, a farashin da ya fi na kamfani.

Daga wannan yanayi ɗabi'ar tattali ta fito. Matar da ta ɗauko daro a ka, ta biya shi da kuɗin cefane, ta san adadin abin da ke ciki. Ruwan ɗaurayar tufafi shi zai wanke banɗaki, na wanke shinkafa ya tafi ga tukwane. A gidan da famfo ke cikin kowane ɗaki, yaro kan girma bai taɓa sanin nauyin ruwa ba. Har wankin kaya ya zama sana'ar da ta fice daga gida: masu wankin da ake kira fanico, da harshen Jula, suna tattara tufafi daga unguwanni su kai rafin Banco, inda ba a biyan kuɗin mita.

Tarbiyya ma tana da nata kaso. Bahaushen Maraɗi ko Tawa da ya zo Adjamé ya taso ne inda ake jan guga daga rijiya mai zurfi, ake adana ruwa a randa, ake sayen garwa wajen ɗan ga-ruwa. Ya zo da butarsa, da kuma koyarwar addini da ta hana almubazzaranci ko a wajen alwala. Hadisi ya tabbatar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da ruwa cikin mudu ɗaya, kuma daga wannan kalma ta Larabci Hausa ta sami mudun da ake awo da shi a kasuwa. Irin waɗannan baƙi daga Nijar su suka shahara da sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, wanda ake cewa ya samo sunansa daga Garba. Mai wannan sana'a a bakin titi da jarka ɗaya zai wanke kwanuka, ya ba mai saye na wanke hannu, ya rage na sallar azahar.

Yau matsin ya koma unguwannin da suka fi saurin girma, irin su Abobo da Yopougon, musamman bayan rikicin 2002 ya tura dubban mutane zuwa Abidjan. A 2015 aka soma jawo ruwa daga Bonoua don cike giɓin, kuma ƙafewar madatsar Loka a 2018 ta bar Bouaké cikin ƙishi na watanni. Masu kiran jama'a su rage ɓarnar ruwa sun fi kai kiran nasu ga talaka, alhali shi tuni yake auna kowane moɗa. Abin da tarihin unguwannin nan biyu ya nuna shi ne, nisan famfo da yawan masu raba shi da wanda ke biyan kuɗinsa su ke koya wa mutum tattali, fiye da yawan ruwan da ke sauka daga sama.