Ido, Sarƙa da Kyamara: Iyakar Taimakon Na'ura ga Alƙalan Ƙwallon Ƙafar Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda hukumar NFL ta shigar da na'ura cikin alƙalancin ƙwallon ƙafar Amurka daga 1986 zuwa 2025, ta kuma auna hakan da wata taƙaddama da ta faru a Bronx a 1958. An nuna cewa na'ura tana amfani inda matsalar ta awo ce, tana kuma gazawa inda hukunci ya rataya a kan ganin damar alƙali.

Gabatarwa

Morris Heights unguwa ce a yammacin Bronx, a gaɓar kogin Harlem, cikin yankin da 'yan Afirka ta Yamma suka yi kaka-gida, har da masu jin Hausa daga Ghana da Nijar da Najeriya. Iyaye sun zo da son tamaula. 'Ya'yan da aka haifa a can sun tashi da wata ƙwallon daban, wadda ake runguma a ruga da ita. Ƙa'idarta ita ce a bai wa ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Saboda haka inci ɗaya kan raba nasara da faɗuwa, kuma a nan ne maganar na'ura ta samo asali.

Taƙaddamar 1958

Daga Morris Heights, tashoshi kaɗan ne a jirgin ƙasa mai lamba 4 zuwa inda tsohon filin Yankee Stadium yake a da. A nan aka buga wasan ƙarshe na NFL tsakanin New York Giants da Baltimore Colts ranar 28 ga Disamba, 1958. Ana dab da tashi Giants na gaba da 17 da 14, suna neman yadi huɗu a dama ta uku. Frank Gifford ya ruga da ƙwallo, Gino Marchetti ya kayar da shi, jama'a suka rufta a kansu har ƙafar Marchetti ta karye. Da alƙali ya ajiye ƙwallo aka auna da sarƙa, sai ta gaza da ɗan taƙi. Ƙwallo ta koma hannun Colts, suka farke, suka kuma ci wasan da 23 da 17 a ƙarin lokaci. Gifford ya shafe shekaru yana cewa ya kai, ruɗanin karayar ne ya sa aka ajiye ƙwallon a baya.

Abin lura shi ne ba a yi jayayya da sarƙar awon ba. Inda hannun alƙali ya ajiye ƙwallon ne ake tababa.

Shigowar na'ura

Tashar CBS ce ta fara maimaita hoton wasa nan take ranar 7 ga Disamba, 1963, kuma tun daga ranar mai kallo a gida ya fi alƙali gani. NFL ta fara sake duba hukunci ta bidiyo a 1986, ta watsar bayan kakar 1991 saboda ɓata lokaci, ta dawo da shi a 1999 da tsarin da koci ke jefa jan ƙyalle don ƙalubalantar hukunci. A 2017 aka mayar da yanke hukuncin ƙarshe ga wata cibiya a hedikwatar hukumar da ke Park Avenue a Manhattan. Wato mutumin da ke zaune gaban allo a New York na iya soke abin da alƙalai bakwai suka gani a filin da ke can Kalifoniya.

A wasu wurare tsarin ya biya buƙata: ko ƙafa ta taka layi, ko gwiwa ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta suɓuce. Waɗannan tambayoyi ne masu amsa ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne laifin da sai an fassara shi. Ranar 20 ga Janairu, 2019, Nickell Robey-Coleman na Los Angeles Rams ya bangaje Tommylee Lewis na New Orleans Saints tun ƙwallo ba ta iso ba, alƙalai ba su hukunta ba, Rams suka wuce zuwa wasan ƙarshe. Hukumar ta mayar da martani da dokar sake duba irin wannan laifi. Kaka ɗaya tak dokar ta yi aka binne ta, domin hoton da aka sassauta gudunsa yana nuna taɓawa, ba ya faɗin ko taɓawar ta kai laifi. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san wannan ciwo: a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, alƙali Cüneyt Çakır ya je ya kalli allon VAR, ya ga ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo, ya hana Najeriya fenareti, Ajantina ta ci 2 da 1. Kowa ya ga hoto ɗaya, har yau ba a daidaita a kansa ba.

Awo da ajiya

Sarƙar yadi goma ta daɗe tana shan ba'a, musamman tun Disamban 2017, lokacin da alƙali Gene Steratore ya zura 'yar takarda tsakanin ƙwallo da sandar awo a wasan Dallas Cowboys da Oakland Raiders. A kakar 2025 NFL ta koma awo da na'urar Hawk-Eye ta kamfanin Sony, mai kyamarori shida a kowane fili, aka bar sarƙar a gefe don ko-ta-kwana. Wannan ci gaba ne, kuma marubucin bai ga dalilin kukan rabuwa da sarƙa ba.

Sai dai na'urar tana fara aiki ne bayan alƙali ya ajiye ƙwallo da hannunsa. Ko ɗan guntun na'urar da ke cikin ƙwallo tun 2017 bai san lokacin da gwiwar mai riƙe da ita ta kai ƙasa ba, kyamara kuwa ba ta ratsa tarin jikkuna. An ga haka ranar 26 ga Janairu, 2025, da Josh Allen na Buffalo Bills ya kutsa cikin cunkoso a dama ta huɗu a wasansu da Kansas City Chiefs: aka ce bai kai ba, aka duba bidiyo, hoton bai isa ya sauya hukuncin ba. Da za a ɗauko kyamarorin shida a kafa su a Yankee Stadium na 1958, wurin da alƙali ya ajiye wa Gifford ƙwallo za su auna, su ba da amsar da sarƙa ta bayar.