Daga Rumbun Gandu zuwa Bankin Cimaka

 Ga kaka ta kama, maganar bankin cimaka ta dawo bakin kowa. Shi ya sa munka ga ya kamata mu waiwayi tarihin rumbun jama'a a ƙasarmu ta Nijar, don mu san inda na gabanmu sunka yi tuntuɓe.

Tun kafin zuwan Nasara, kakanninmu suna da tanadinsu. In an kawo damma daga gandu, maigida yakan cika babban rumbu ya rufe shi. Da rani kowa ya nemi na kansa, ba a buɗe rumbun sai ruwa ya sauka an shiga noma. Gidan da ke da tsohon hatsi na shekara biyu ko ukku, shi ake kira gidan wadata. Amma in fari ya haɗa ƙasa duka, rumbun gida ba ya isa. Haka ta faru a 1913 da 1914, yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba.

A 1931 fara ta cinye gonaki, mutane da yawa sunka mutu, musamman a yammacin ƙasa. Bayan haka Nasara sunka matsa a yi rumbunan tsimi gari gari. Kowane magidanci sai ya zuba rabonsa, kuma ba a buɗewa sai da iznin kwamanda. Dabarar ba ta da laifi, amma talaka ya ɗauke ta kamar wani haraji ne. Hatsi nasa, umurni na wani. Saboda haka mutane ba su riƙe rumbun da zuciya ɗaya ba.

Bayan mulkin kai, a 1970, gwamnati ta kafa ma'aikatar OPVN, mai sayen hatsi da kaka, ta ajiye a magazunanta na jihohi, ta fiddo shi lokacin tsada. Ba ta yi ƙarfi ba sai ga farin 1973. Bisashe sunka ƙare, mutane sunka bar garuruwa. Taimakon waje ya zo, amma rashin hanyoyi da rashin amana sunka hana shi kai wa ga masu bukata kan lokaci. Wannan yana cikin dalilan da sojoji sunka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani.

Sai kuma 1984. Damana ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, har yunwar ta sami sunan El Buhari. Nan jama'a sunka gane cewa magaza da ke birni ba ta ciyar da mai noma a ƙauye, in babu mota, babu hanya. Daga nan bankunan cimaka sunka yaɗu cikin ƙauyuka, da taimakon gwamnati da ƙungiyoyi. A waɗannan shekarun kuma anka rage wa OPVN aikin ciniki, anka bar mata riƙon ajiyar ƙasa.

Yadda bankin ke aiki ba wuya. Kwamitin gari ya sayi hatsi da kaka, lokacin da yake da araha. In damana ta shigo, rumbuna sun yi ƙasa, sai a saida wa 'yan gari tiya tiya, ƙasa da kuɗin kasuwa, amma da 'yar riba wadda za ta sake cika magaza. Amfaninsa babba ne: magidanci ya tsaya gonarsa, ba ya tafi ƙwadago gonar wani ba, ba ya cin bashin tiya ɗaya ya biya biyu.

To, me ya kashe da yawa cikinsu? Mun sani, ba sai an faɗa muna ba. Bashin da babba ya ci, kunya ta hana a tambaye shi. Mabuɗi da littafi a hannun mutum guda. Saidawa da araha ƙwarai don neman suna, har uwar kuɗi ta narke. A 2005 mun ga sakamakon: hatsi na nan kasuwannin jihar Maradi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, yara sunka sha wuya. Garin da magazarsa ta kasance wayam, ba ya da inda zai juya.

Akwai kuma abin koyi wurin iyayenmu mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da sunka soma a jihar Maradi a 1991, da yawa sun riƙe bankin cimaka da kyau, don suna ƙidaya a gaban kowa, kuma ba su yafe bashi.

Saboda haka ga roƙonmu. Ku na bida, ku aiko gudummawa yanzu da kaka, kada ku jira sai watan bakwai buhu ya yi tsada. Ku dattawa, ku fara biyan abin da ke kanku, yara za su bi. Kwamiti kuma ya raba mabuɗai, ya karanta lissafi a dandali. Rumbun nan dai ba na kwamanda ba ne, namu ne.

Allah ya ba mu damana mai albarka.