Daga Bauci Zuwa Kazaure: Tarihin Muhawara Da Yadda Na Shiga Ƙungiyarta

Da aka nemi in rubuta wani abu game da tarihin makarantarmu, sai na ga ba abin da ya fi cancanta in ɗauko irin ƙungiyar muhawara, domin ita ce ta kwance mini baki, kuma asalinta ya girmi makarantar da ma jihar tamu ta Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ran 27 ga Agusta, 1991.

In za a bi salsalar wannan al'ada a Arewa, to sai an koma Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. A can aka fi matsa wa ɗalibai su iya magana da Ingilishi a gaban jama'a. Malaman da ta yaye su suka bazu makarantun Midil na larduna, har da ta Kano, wadda yaran ƙasar Kazaure da na Ɓaɓura ke zuwa a zamanin da muke cikin Lardin Kano.

A 1943 wannan iri ya yi tsiro a Bauci, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu ma'aikata suka riƙa haɗuwa a wani zauren tattaunawa. Har tsarin mulkin En'e suka sa a faifai, da tambayoyi suka yi zafi sai aka rufe zauren. Amma ba a rufe bakunan ba. A Agustan 1950 Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa En'e gyara, a cikin watan nan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Bayan shekara 10 shi ne ya yi jawabin shigar Nijeriya Majalisar Ɗinkin Duniya. Haka kuma Alhaji Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, wanda ya rasu a 2017, shi ma ɗan wannan kwaleji ne, kowa kuwa ya san zaƙin bakinsa.

Duk wannan ban san shi ba sa'ad da na baro ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa na zo Kazaure karatu. Ni dai abin da na sani shi ne, yaro ba ya ɗaga murya a gaban manya. A 2006, ina aji huɗu, malaminmu na Ingilishi ya tsare ni a bakin aji ya ce, “Kai yaro, alƙalaminka na magana amma bakinka na barci. Ranar Laraba in gan ka a wajen muhawara.” Na ce, “To, Malam,” gabana na faɗuwa.

Tsarin dai kun san shi: shugaban zama a tsakiya, masu goyon baya a dama, masu suka a hagu, alƙalai uku, ga mai kula da lokaci da ƙararrawarsa. Batun ranar shi ne wai ilimin 'ya mace ya fi na ɗa namiji amfani, aka kuwa jefa ni cikin masu goyon baya, alhali a lokacin ban yarda da haka ba. Na haddace takardata tsaf. Ina miƙewa na gaida alƙalai, sai komai ya ɓace mini, na tsaya ƙiƙam har ƙararrawa ta kaɗa, ɗalibai na ta shewa.

Da dare wani siniya ɗan Roni ya same ni a ɗakin kwana ya ce, “Ƙanena, daina hadda. Nemo hujja uku da ka gani da idonka, ka riƙe su.” Na zauna tunani, sai na tuna yayata da aka cire daga firamare, da matan garinmu da ke ƙin zuwa asibiti don babu ma'aikaciya mace. Da aka maimaita batun bayan mako biyu, da waɗannan na tsaya, ban kuma zauna ba sai da lokacina ya cika. Na shiga don in ka da abokan gardama, sai ga shi ra'ayina na fara kayarwa. Da na je hutu na roƙi Baba, cikin ladabi da hujja, ya bar ƙanwata ta wuce sakandare, ya kuwa amince.

Shekara mai zuwa aka sa ni cikin waɗanda suka je karawa da wata makaranta a Ɓaɓura. Wata ɗaliba ta yi mana kaca-kaca, muka dawo ba kofi, amma mun koyi cewa wanda ya fi sauraro shi ya fi iya mayar da martani. Wannan darasi ya bi ni har jami'a, yau kuma da shi nake kare bayanin da na rubuta a gaban shugabannina a ofis.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne, da na ziyarci makarantar bara, sai na tarar ƙungiyar ta yi zango biyu ba ta zauna ba. Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta sa kofi da kuɗin mota, a riƙa gasa kowace shekara tsakanin makarantun Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, da Ingilishi da kuma Hausa, don kada rashin Turanci ya hana mai hujja magana. Ni na ɗauki nauyin kofin farko. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, amin.